Azaliya a ɗakin Kaduna: wacce za ka saya, ko furen kariya ya fi?

Azaliya furen ƙasar sanyi ce, kuma nan ne mai saye a Kaduna ya kamata ya fara lissafi. Wadda ake sayarwa a tukunya cike da furanni, irin da ake nomawa da yawa a yankin Ghent na Beljiyam, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 10 zuwa 16. Da ɗaki ya haura 21, furannin za su fara zubewa. A watan Maris da Afrilu kuwa zafin Kaduna kan wuce 35. Saboda haka lokacin saye shi ne Disamba zuwa Janairu, ka ci moriyarta makonni kaɗan. Mai son ta shekara sai ya tanadi ɗaki mai sanyi dare da rana, ko da an ɗauke wuta.

Idan an ajiye maka biyu, ɗaya ta buɗe fure gaba ɗaya, ɗaya kuma duk toho ce da launi ya fara leƙowa, ɗauki ta biyun. Ta farko ta riga ta ci rabin kwananta a wurin mai sayarwa. Ka ɗaga tukunyar: in ta yi shafal, ƙasar ta bushe ƙayau, saiwar azaliya kuwa siririya ce kamar gashi, bushewa ɗaya kan kashe ta. Juya ganyen ka duba bayansa. Saƙa mai kama da yanar gizo-gizo alamar ƙananan ƙwari ce da ke yaɗuwa a busasshiyar iskar hunturu. Irin da ake dasawa a lambunan Japan da Ingila kada ma ka taya, sai sun sha sanyin da ba mu da shi suke fure.

Tukunyar ƙasa tana sanyaya saiwa, amma a hunturu tana shanye ruwa da sauri. Ta roba ta fi riƙe laima, don haka ta fi dacewa da wanda ke yini a wurin aiki. Kowacce dai ta kasance da huji a gindi.

Ƙasa da ruwa su ne inda aka fi yin asara. Azaliya na son ƙasa mai tsami, awon tsaminta (pH) 4.5 zuwa 6. Toka tana kashe wannan tsamin, don haka kada a zuba mata, duk da al'adarmu ta barbaɗa toka a shuka. Ruwan rijiya ko burtsatse mai barin farin ɓawo a cikin buta ma haka yake yi sannu a hankali: sabon ganye ya koma rawaya, jijiyoyinsa kawai su rage kore, domin shukar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Ruwan saman da aka tara da damina ya fi, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. In ƙasar ta bushe, a tsoma tukunyar a bokiti na minti 20, a bar ta ta tsane. A ajiye ta kusa da taga mai haske inda rana ba ta dukanta, nesa da iskar na'urar.

Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba, ga kariya, wadda muka saba gani a ƙofar gidaje. Furenta ruwan hoda ya yi kama da na azaliya, tana fure a tsakiyar rani, yawan ruwa ne ma ke ruɓar da ita. Sai dai ba ta zaman lungun falo, baranda ko taga mai rana take so. Wata shukar ado mai suna iksora ma na jure zafi, amma ita ma ƙasa mai tsami take nema.

Azaliya da kariya duka masu guba ne, ganyen ta farko da ƙaron ta biyu. Gidan da ke da yaro mai rarrafe, kyanwa ko akuya, a ɗora tukunyar inda hannu da baki ba sa kaiwa.