Kwas ɗin kula da marar lafiya daga nesa: na biya kuɗin mota saboda yatsa mai sanyi

Na shiga kwas ɗin nan na wata uku ne a shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, kuma da farko na yaba ƙwarai, domin darasin yadda ake yi wa marar lafiya tambayoyi ta bidiyo ya fi wanda aka yi mana a aji tsari. Tare da shi aka aiko da na'urar awon hawan jini da ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, dukansu suna tura sakamako zuwa manhajar waya.

Da aka ce kowa ya sami wanda zai riƙa bibiya, sai na zaɓi goggona da ke ƙauye, na bar na'urorin a hannun ƙanena. Wata asuba cikin Janairu, hunturu na kaɗawa, manhajar ta yi ja ta nuna oksijin ɗinta 86, alhali na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 95 da 100, ta kuma rubuto cewa a garzaya asibiti. Ta bidiyo na ga Goggo tana magana daidai ba ta haki, amma na ƙaryata idona na gaskata na'ura, na sa aka yi shatar mota. A asibiti wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, da ruwan randa kika yi alwala ko?" Ta murza yatsun har suka yi ɗumi, ta sake aunawa, sai ga 97.

Sanyi yana rage gudun jini a yatsa, na'urar kuwa da haske take karanta bugun jinin, amma ko sau ɗaya ba a faɗi wannan ba a cikin darasi goma sha biyu. Haka nan ba a ambaci binciken Jami'ar Mishigan ta Amurka na 2020 ba, wanda ya nuna cewa irin wannan na'ura takan ƙara wa baƙar fata maki, ta ɓoye ƙarancin oksijin na gaske, mu kuwa duk majinyatanmu baƙaƙe ne.

Na rubuta wa masu kwas ɗin koke, suka amsa da cewa na'urar ba ta da laifi. Ai ni ma ban ce tana da shi ba, koyarwar nake tuhuma. Bidiyon darasin ma ba ya saukuwa, kullum sai an ƙone data, kuma takardar shaidar da suka yi alkawari yau wata biyu ke nan ina jira.