Perkins 4.236 ko Yanmar 4JH mai turbo: wanda ya dace da tsohon jirgi a kogin Isa

Alhaji, ka tambayi wane inji za ka saya wa tsohon jirginka: ɗauki Perkins ɗin. Tsakanin 4.236 da aka nuna maka da Yanmar 4JH mai turbo da dillali ke cewa daga Lome ya sauka, ba ni da wata tantama: jirgin katako da ya kwana biyu yana dakon kaya a kogin nan na Isa, wato kogin Neja, Perkins ne daidai da shi, muddin ya tsallake binciken da zan faɗa maka.

Shi ne a cikin nawa jirgin, kuma na hannu na saye shi. Ƙirar Ingila ne, a shekarun 1960 aka fara yinsa, silinda 4, lita 3.86, ƙarfinsa wajen doki 80. Ba inji ne mai son gudu ba. Wajen juyi 2500 a minti ƙarfinsa ke cika, aikin yau da gobe kuwa ƙasa da haka yake yinsa hankali kwance, yana tura babbar farfela a hankali, abin da jirgi mai lodi ke so ke nan. Amma ba ƙarfin ne ya sa nake ƙaunarsa ba. Wannan injin shi ne a cikin taraktocin Massey Ferguson da yawa, irin su 175 da 265 da 275, don haka duk inda ake noma da tarakta akwai wanda ya san cikinsa.

Wata damina, lokacin da jan ruwan rassan kogi, Sirba da Dargol, ya cika kogi, muna hawowa daga Say da lodin shinkafa, sai injin ya fara shaƙewa kusa da Kollo, ya ja, ya saki, ya mutu. Muka samu muka raɓa gaɓa da gora. Ƙaramin famfon da ke jawo gazuwal daga tanki ne robarsa ta yage. Yaron jirgi ya hau kabu-kabu ya shiga gari, ya dawo da wani dattijo mai gyaran taraktocin fadamun shinkafa, mutumin da bai taɓa sa hannu a injin jirgi ba. Yana leƙawa ya yi murmushi ya ce ai wannan ɗan gida ne. Ya koma ya ciro irin famfon daga wata tarakta da ke jiran taya, ya ɗaura, ya fitar da iska daga bututan mai, kafin la'asar muna kan ruwa. Ya ƙi karɓar komai sai kuɗin famfon, da ƙyar na sa ya ɗauki buhun shinkafa. Allah ya saka masa da alheri. Tun ranar ban ƙara sauraron mai ce mini tsohon yayi ne ba.

Yanmar kuwa, ba zan ci haƙƙinsa ba: ba ya ƙara, ba ya shan mai sosai, kuma nauyinsa kusan rabin na Perkins ne. Iyakarsa ke nan a wurina. Sai ya haura juyi 3000 yake ba da ƙarfinsa, ga turbo, mai tura ƙarin iska cikin inji, da ba ya yafe baƙin mai maras kyau, kuma ranar da wani ƙaramin abu ya karye sai ka zaga kasuwar Katako ta Yamai kaf ka dawo hannu rabbana, ka koma jiran saƙo daga waje. Tun 2023 da hanyar Gaya ta iyakar Benin ta rufe kowa ya san yadda jiran kaya ya koma, jirgi kuma yana ɗaure, yara na jiran kuɗin cefane.

To, sunan Perkins kaɗai ba ya tuƙa jirgi. Ranar da za ka je dubawa kada ka faɗa wa mai injin sa'a. Ka faɗo masa da sassafe tare da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka ɗora tafin hannu a jikin injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, sun tashe shi tun asuba don kada ka ga wahalar tashinsa. Ka ce gobe ma rana ce. Shi 4.236 kai tsaye yake fesa mai cikin silinda, mai lafiya da batir mai kyau ba ya ɗaukar lokaci ya kama, ko da sanyin Janairu. In ka ga yaro ya matso da tsumma jiƙe da fetur wajen mashaƙar iska, matsin silinda ya tafi, sai dai a yi cinikinsa a matsayin wanda za a buɗe.

Da ya tashi, tsaya bayan hayaƙin. Ɗan fari na minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Shuɗi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, baƙin mai yake ci. Fari mai yaji a ido da ba ya tsayawa, gazuwal ne ke fita ɗanye, ko injekta ko matsi. Baƙi alhali ba ya jan komai, famfon mai ko injekta sun gaji. Sannan ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ka aza shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, lafiya. In yana tsalle, hayaƙi na bugowa fuf-fuf, zobban fistan sun ƙare. A Perkins wannan ba mutuwa ba ce, don akwai rigunan silinda da ake cirewa a sa sababbi, kuma ana samun kayan a jere, amma sai kuɗin ya fita daga farashi. Makanike ya sassauta goron bututun kowane injekta ɗaya bayan ɗaya yayin da inji ke tafiya a hankali: kowanne ya kamata ya sa muryar injin ta faɗi. Wanda aka sassauta ba a ji bambanci ba, silindarsa hutu take yi.

Baƙin mai ka dube shi sau biyu, kafin tashi da bayan zafi. In ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga. In sabo ne fil, ka tambayi kanka me ya sa mutumin da zai rabu da inji ya yi masa bidanji jiya. Ka murza shi tsakanin yatsu, don akwai masu haɗa shi da man giya mai kauri ya rufe ƙwanƙwasa ya ɗaga allurar agogon matsin mai. Kada ka yarda da agogon da ke jikin injin, ku je da naku ma'aunin matsin mai na hannu. In inji ya yi zafi sosai kuma yana cikakken juyi, tsakanin bar 2 da 4 ake nema. Ka biya kuɗin sabon matacin mai, a ba ka tsohon ku yanka shi ku buɗe takardar a rana. Ƙyalƙyalin ƙarfe ko na jan ƙarfe a ciki, ka yi sallama. Ka kuma buɗe murfin ruwa tun inji na da sanyi ka zuba ido bayan ya tashi: kumfa mai tasowa ba tsayawa, juwan kulas, wato abin da ke liƙe tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ya ƙone, ko kulas ɗin, wato kan injin kansa, ya tsage.

Wurin da mutanenmu suka fi faɗawa shi ne kayan ruwan, don makanikan mota ba su saba da su ba. Yawancin injinan jirgi da ke fitowa daga Lome ko Kwatano a ruwan gishiri suka yi rayuwarsu. Akwai wata tukunya mai cike da siraran bututai inda ruwan waje ke sanyaya ruwan inji ba tare da sun haɗu ba. Ka sa a kwance murafenta biyu, ka haska fitila. Farin ɓawo da tsanwan tsatsa ana wankewa, amma in bakin tukunyar ya cinye har roba ba ta da wurin zama, wannan kayan ba na tarakta ba ne, dattijon Kollo ba zai taimake ka ba. Haka gwiwar bututun hayaƙi inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi: a cire ta a leƙa. In ta huje daga ciki, ruwa ya riƙa komawa kan bawul, za ka ga tsatsa a ramukan hayaƙin kulas. Famfon ruwan waje yana da 'yar farfelar roba, ita kam ko yaya take ka sauya ta, ka ajiye wasu a jirgi, domin yashin jan ruwa na Agusta da Satumba cin ta yake. Ka sa rariya babba mai saurin buɗewa a mashigar ruwa. Kainuwa da ledojin da ke taruwa wajen gadar Kennedy ta Yamai sun isa su toshe ta cikin ƙiftawar ido, inji kuma ba ya jira.

Akwatin giya a tabbatar na jirgi ne, irin Borg Warner ko Hurth ko PRM, wanda aka yi don ya ɗauki turin farfela. A sa gaba, a sa baya, a ji ko yana shiga nan take. A shinshina mansa, in yana warin ƙuna faranta sun soye. A karanta farantin da ke jikinsa a ga rabon ragin juyi, don da shi za a auna farfela.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, saboda abin yana ci mini rai. Akwai masu ɗauko injin janareto ko na tarakta su fesa masa shuɗin fenti har kan robobi da wayoyi, su ce na ruwa ne. Na janareto an ɗaure famfonsa a juyi 1500, ba zai bi hannunka ba in kana son ragewa ko ƙarawa, sai an sake masa famfo. Agogon awoyi kuwa da goro biyu ake sauya shi, kada ka ba shi daraja. Ka nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen kansa, yawancin 4.236 da LD take farawa, in ka ga an goge wurin ko an cike shi da fenti, akwai magana. Akwai kuma injinan da suka kwana cikin ruwa a ambaliyar 2020 da waɗanda suka biyo bayanta, aka wanke aka shanya. Ka leƙa cikin gidan babban faifan baya da bayan abin tada inji, laka ba ta fita daga can. Mafi muni su ne masu turo bidiyo a WhatsApp, inji na ruri a wani gareji da ba ka sani ba, su ce ka aiko da kafin alƙalami kada wani ya riga ka. Cinikin biri a sama ke nan, ko jika ɗaya kada ka tura. Ku yi yarjejeniya gaban shaidu cewa wani kaso na kuɗin zai zauna hannunka sai inji ya yi awa guda yana tura jirgi da lodi a kan ruwa, don a ƙasa ba kaya kowane inji gwani ne. Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya maka magana, shi ne jikin jirgin. Perkins da akwatin giyarsa ya doshi rabin tan, kuma yana da jijjiga in yana tafiya a hankali. Ka kira maƙerin jirgi ya bi katakan ƙasa da tsinin wuƙa, musamman na baya inda tsohon inji ya jima yana ɗigar mai. In wuƙa na nutsewa, a sauya katako tukuna. A shimfiɗa dogayen gungumen madaci biyu su haye haƙarƙarin jirgi da yawa, a ɗora injin a kansu, kada nauyin ya taru wuri ɗaya, a kuma matso da shi gaba kaɗan don kada baya ya nutse ka riƙa shan yashi a watan Mayu da Yuni in ruwa ya ja. Sandar farfela ma a auna kaurinta, ta tsohon ƙaramin inji ba lallai ta ɗauki murɗin wannan ba. In maƙerin ya ce jirgin ba zai ɗauka ba ko an gyara, to ka nemi ƙanensa mai silinda 3, wato 3.152 na tarakta 135, ba Yanmar ɗin ba.

Ka ɗauko hoton lambar injin da na cikin tukunyar bututan da farantin akwatin giya ka turo mini. In Laraba ce ina garin Bubon, amma sauran ranaku zan iya raka ka mu tashe shi da sanyinsa.