GParted: manhajar da nake raba faifan kwamfuta da ita

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, masu kawo mini tsofaffin laftof don in sa musu Linux Mint, wata babbar manhajar gudanar da kwamfuta, gefe guda da Windows sun ƙaru. Wannan aiki kuwa sai an yanka faifan ajiya an fitar wa Linux da nasa wuri, kuma GParted ce nake amfani da ita. Kyauta ce, ba talla, ba rajista. Na ɗora GParted Live, wato nau'inta mai tashi da kansa ba tare da Windows ba, a kan filas, da ita nake tayar da kowace kwamfuta.

Abin da ya sa na amince da ita shi ne ba ta taɓa komai sai ka ba da izini. Ka rage yankin Windows, ka ware sabon yanki na ext4 (tsarin ajiye fayiloli na Linux), ka goge wani, duk za ta jera su a ƙasa tana jira. Sai ka danna koren alamar amincewa sannan ta fara. Wannan jiran ya fi mini komai daraja, domin a cikin faifan nan akwai aikin digirin ɗalibi, akwai hotunan bikin wani. Tana kuma nuna ƙaramin yankin EFI, inda fayilolin tayar da kwamfuta suke, wanda in aka share shi Windows ba za ta tashi ba.

Ta fi Disk Management, kayan raba faifai na Windows, iya rage yanki, tunda shi yakan cije in ya tarar da fayilolin da ba sa motsi. Amma kafin ka shiga GParted, kashe Fast Startup (tsarin saurin tashi na Windows), ka kuma cire BitLocker (makullin bayanan faifai na Windows) in yana kunne.

Sabon shiga zai ɗan sha wuya. A sunayen faifai babu C: babu D:, sai /dev/sda ko /dev/nvme0n1, don haka duba girman faifai da kyau kada ka yanka filas ɗinka. In faifan na kan tsohon tsarin rabo na MBR ne, manyan yankuna 4 kawai yake ɗauka.

Babban tsorona wuta ce. Matsar da farkon yanki yakan ci sa'o'i a tsohon faifai, in Nepa ta ɗauke ana tsaka da shi, bayanai na iya lalacewa. Shi ya sa ba na farawa sai na kwafe kayan mutum a wani faifai daban, in batir ya mutu kuma sai na tayar da janareto.