Kafireta ko Injekta: Abin da Mai Tsohuwar Mota a Kebbi Zai Auna Kafin Ya Zuba Kuɗinsa

Shekaru da dama abin da aka saba gani a garejojinmu shi ne a kawo mota 'yar Kwatano mai injekta, da zarar ta fara gardama makaniki ya kwance kayan ya ɗora mata kafireta, domin ita ce hannunsa ya sani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin ya juya, har masu Peugeot 504 da Golf 2 da tsofaffin Hilux a Birnin Kebbi da Argungu da Jega suka fara tambayar ko za a iya mayar da motocinsu injekta don su rage shan mai. Ana iya yi, amma hanyoyin sun sha bamban wajen kuɗi da wajen wahalar da ke biyo baya, kuma ba kowace mota ce ta cancanci aikin ba.

Kafireta tana aiki ne da zuƙar iska: iskar da ke wucewa ta maƙogwaronta ita ke janyo mai ta ƙananan ramuka, kuma yadda aka saita ta haka za ta ci gaba da bayarwa, ko da sanyin asubar hunturu ne ko zafin Afrilu. Injekta kuwa tana da ƙwaƙwalwa, wato ƙaramar kwamfuta, mai karanta zafin inji da yawan iskar da ke shiga da matsayin totur da kuma iskar da ke fita ta salansa, sannan ta auna man da nozul, wato bakin fesa mai, zai fesa, tana ƙoƙarin tsayar da haɗin a kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Daga nan sauƙin tashi da safe da ragin shan mai suke zuwa. Sai dai kafireta tana wadatuwa da matsin mai da bai kai rabin bar ba (bar ma'aunin matsi ne), alhali yawancin injekta masu nozul a kowace silinda suna buƙatar kusan bar 3, kuma wannan bambancin shi ne tushen wani ɓangare na kuɗin da za a kashe.

Kafin a yi cinikin komai, a auna lafiyar injin kansa. Idan mota tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, ko an gwada matsin silindoji an ga ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran, to matsalar tana wajen ringi ko bawul, kuma babu ƙwaƙwalwar da za ta mayar da ƙarfen da ya cinye. Ɗora injekta a kan irin wannan inji zuba ruwa ne a kwando.

Hanya mafi arha, wadda masu mota suka fi raina wa, ita ce a gyara kafiretar da ke kai yadda ya kamata. Yawancin kafiretocin da ake zargi da shan mai an sha taɓa su: an faɗaɗa ramukan mai da waya, an lanƙwasa hannun bulo, wato abin da ke tsayar da shigar mai idan ya cika, har mai yana cika fiye da ƙima, sandar totur ta ci gidanta tana shigar da iska ta gefe. Kafiretar Solex da ke kan Peugeot 504, motar da kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana harhaɗawa a baya, mai sauƙin sha'ani ce, kuma da wuya a rasa wanda ya iya ta daga Yauri har Kamba. Pierburg 2E2 da ke kan Golf 2 da yawa ita ce mai rikici, saboda tarin ƙananan bututun iska da ke jikinta, waɗanda akan toshe su ɗaya bayan ɗaya har ta daina aiki yadda aka ƙera ta. Wanda ya sa aka canza robobi da allura, aka mayar da ramukan mai na asali, aka sa sabuwar filtar iska da fulogi, aka kuma daidaita lokacin wuta, sau da yawa yakan samu babban ɓangare na ragin da yake nema da kuɗi kaɗan.

Hanya ta biyu, kuma ita nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu niyyar sauyawa, ita ce a nemo injin gida ɗaya wanda kamfanin da kansa ya fitar da injekta. Toyota ta sauƙaƙa wannan, domin injin 22R mai kafireta yana da ɗan'uwansa 22R-E mai injekta, 4A-F na Corolla yana da 4A-FE, haka 4Y yana da 4Y-E. Mai Golf 2 zai iya duba injin 1.8 na Golf 3 mai tsarin Mono-Motronic, wanda nozul ɗaya ne kawai a saman maƙogwaro kuma matsin mansa kusan bar 1 ne. Wasu sukan sayi kayan sama kaɗai, wato manifol (bututun da ke raba iska zuwa silindoji) da nozul da ƙwaƙwalwa, su ɗora a kan tsohon injinsu, amma kan injin ma yakan bambanta, shi ya sa sayen inji sukutum ya fi zama da kwanciyar hankali.

A wannan cinikin ne ake yawan shan kashi, don haka ya kamata a tsaya a duba da kyau. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za a saya, ko Panteka ta Kaduna, ko a yi saƙo daga Ladipo ta Legas, farashin da aka fara faɗa yawanci na gangar inji ne kawai. A nemi a ga damin wayoyin injin a shimfiɗe a ƙasa, a bi shi da hannu daga soket ɗin ƙwaƙwalwa har zuwa kowane nozul, domin masu kwance inji a ƙasashen waje sukan datse wayar da almakashi a daidai bangon da ke tsakanin inji da direba, kuma haɗa waya talatin ko arba'in da ka, ba tare da zane ba, shi ne mafarin motar da ke mutuwa a kan hanya ba dalili. A tabbatar lambar da ke jikin ƙwaƙwalwa ta wannan injin ce, a haɗa da ma'aunin iska da distirbuta da kwayil. Injinan Turai na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama da yawa suna da makullin hana sata a cikin ƙwaƙwalwa, wanda idan ba a zo da mabuɗinsa da na'urarsa ba injin zai juya amma ba zai ci gaba da aiki ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, a kuma je ofishin lasin a gyara takardu, don kada abin ya zama magana a shingen bincike.

Akwai kuma kayan injekta da ake sayowa sababbi daga Amurka, irin su Holley Sniper da FiTech, waɗanda ake ɗaurawa a mazaunin kafireta kuma suna koyon saiti da kansu. Kaya ne masu kyau, amma akasarinsu an yi su ne domin manyan injinan Amurka, sai an ƙera musu mazauni kafin su hau manifol ɗin Peugeot ko Toyota, da dala ake biya, ga kuɗin kwastan, kuma ranar da wani abu ya ƙone a ciki babu shagon da za a shiga a Birnin Kebbi a ɗauko madadinsa. MegaSquirt da Speeduino, ƙwaƙwalen injekta da mutum ke saitawa da kansa, sun fi arha, sai dai sai da kwamfuta da wanda ya iya saita taswirar mai, wato jadawalin yawan man da za a fesa. Na mai sha'awa ne wanda yake da wata motar hawa.

Duk hanyar injekta da aka bi, akwai kayan da ba a cika sa su a lissafin farko ba. Sai an sa famfon mai na lantarki da rile da fis, da filtar ƙarfe, da tiyo mai jure matsi, domin tiyon kafireta zai iya fashewa ya fesa fetur a kan inji mai zafi, kuma yawanci sai an ja bututun da ke mayar da rarar mai zuwa tanki. Tankin da ya shekara talatin sai an sauke shi an wanke tsatsa. Za a huda salansa a yi walda domin na'urar auna iskar da ke fita, a duba cajin altaneta da wayoyin ƙasa. Sannan a mayar da tamostat mai daidaita zafin ruwan inji, wanda al'adar garejojinmu ce a cire shi a jefar da sunan zafin ƙasarmu; idan babu shi injin yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara mai, ragin da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Halin mai motar ma sai ya sauya. Famfon da ke cikin tanki fetur ne ke sanyaya shi, saboda haka yawo da allurar mai a kan ja yana rage masa kwana, kuma man jarka na 'yan bumburutu mai ruwa ko ƙasa, wanda kafireta za ta yi tari ta wuce, yana toshe nozul. Motar kafireta ko batir ya yi sanyi ana tura ta ta tashi, amma injekta sai batir yana da ƙarfin da zai tayar da famfo da ƙwaƙwalwa, abin da direban da ke bin hanyar Zuru ko ƙauyukan Bagudo ya kamata ya sa a ransa.

Wanda motarsa ke fita haya kullum tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, kuma jikinta da giyarta suna da sauran ƙarfi, shi ne zai fi saurin mayar da kuɗin sabon inji, tun da ko lita biyu ya rage a rana za ta taru a shekara. Wanda kuwa daga gida sai ofis sai masallacin Juma'a, gyaran kafireta ya ishe shi. Kafin a ba da kafin alƙalami, a nemi mai wayarin ya nuna wata motar da ya yi wa irin wannan aikin wadda har yanzu tana kan hanya, a yi magana da mai ita. A kuma cika tanki kafin aikin, a rubuta kilomita, a sake cikawa bayan tafiyar da aka saba don a san ainihin abin da motar ke sha, sannan a maimaita gwajin a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya bayan an gama, kafin a biya cikon kuɗin aiki.