Wata uku da Star Adventurer a gonarmu ta bayan Ringim

Ƙarshen damina ƙanena ya kawo mini Star Adventurer ta kamfanin Sky-Watcher, kuma tun daga lokacin duk daren da gari ya yi wasai ina gona da ita. 'Yar na'ura ce da ake ɗorawa a kan ƙafa uku, a ɗora mata kyamara, tana juyawa a hankali daidai da juyin duniya, digiri 15 a awa, don kada taurari su ja zare a hoto. Batir AA huɗu take ci, tana ɗaukar nauyin kilo 5. Ga wanda ke ƙauyen da wuta sai an ga dama, wannan batir ɗin kaɗai ya isa abin yabo.

Amma duk aikinta ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato saita ta da tsakiyar juyin sama ta arewa. A cikinta akwai ɗan madubin hange mai zanen da'ira kamar fuskar agogo. Tauraron Arewa ba ya kan tsakiyar daidai, ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri, fiye da faɗin wata idan ya cika. Shi ya sa manhajar waya ke nuna maka inda za ka ajiye shi a kan da'irar a wannan sa'ar. Daren farko na dasa shi tsakiya cak, na yi ta murna, da na duba hoton minti ɗaya sai ga taurarin sun zama kamar ƙwayar shinkafa. Laifina ne, ba na na'urar ba.

Inda mu mutanen nan muke shan wahala daban ne. Tsayin Tauraron Arewa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garinka, a digiri, daga layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Ringim kuwa digiri 12 ne da 'yan kai. Miƙa hannunka ka dunƙule, tsayin ya fi dunƙulen da kaɗan ne kawai. Darbejiya ɗaya ko rumbun maƙwabci ya isa ya tare maka shi. Sai da aka yi girbi aka kwantar da karan dawa na samu fili a ƙarshen gona. Nakan durƙusa a rairayi, kunci kusan a jikin ƙarfe, ido ɗaya a madubi, ina murza ƙusoshin gindinta kaɗan-kaɗan. Ƙusoshin suna da laushin murzawa, kuma gindin yana sauka har digirinmu ba gardama. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Rairayin ma sai da ya koya mini darasi. Ka gama saiti, ka ɗora kyamara, ƙafa ɗaya ta nutse, an koma gidan jiya. Yanzu fale-falen bulo uku nake binnewa a ƙarƙashin ƙafafun, kuma sai na ɗora komai na juya kyamarar inda nake so kafin in sake leƙa madubin.

Idan na ba saitin minti ashirin, da gilashin kyamara mai milimita 135 ina samun minti biyu taurari na nan dige-dige. Ba na'urar, daƙiƙa huɗu ma da ƙyar. A watan Nuwamba na ɗauki Kaza da 'Ya'yanta, har shuɗin hayaƙin da ke kewaye da su ya fito. Kawu, da ya biyo ni da tocila yana zaton ɓarayin amfanin gona ne, ya daɗe yana kallon fuskar kyamarar.

"Kai ɗan nan, duk waɗannan 'ya'yanta ne? Mu bakwai muka sani."

"Kawu, sun fi ɗari," na ce masa.

Da hunturu ya kankama kuwa, hazo ya fi kauri ta ƙasa-ƙasa, daidai inda tauraron yake. A Janairu na yi kwana tara ban gan shi ba, alhali saman kaina taurari na nan. Dole na koyi saiti ta hanyar lura da yadda tauraro ke zamewa a kyamara: in bi tauraro ɗaya a kudu in gyara gabas da yamma, in bi wani a gabas in gyara tsayi. Yana cin kusan awa guda, da sanyi a yatsu.

Wanda zai saya a Kano ko Jigawa, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya fara zagaya gonarsa da dare ya ga ko arewa a buɗe take. Ni dai bulona na nan binne, na kafa musu tsinke don kada garma ta tone su.