Zuwa-zuwa ko man gidan mai? Amsa ga mai Corolla da ke fizga

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Garwa a arewacin Kamaru ya kawo kuka kan Corolla ɗinsa: tana fizga in ya taka totur, da safe sai ya yi ta murza makulli kafin ta tashi, ga wata ƙara a inji kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani in tana hawan tudu. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin hanya, yake zuba mata, makanike kuma ya ce a canja famfon mai. Yana so ya san ko laifin man ne, kuma wanne ya fi tsakanin na kwalba da na gidan mai.

Malam, kada ka sayi famfo tukuna. Gwada man ya fi sauƙi, kuma ba ka kashe ko dala ba.

Asalin zuwa-zuwa fetur ne na Najeriya, irin wanda motocin Yola da Mubi ke sha kullum lafiya lau. Hanya ce ke ɓata shi. Daga jarka zuwa duro, daga duro zuwa kwalba, a bayan babur cikin ƙura ko a kwale-kwale ta Binuwai, sannan ya yini a kan tebur cikin ranar Garwa ta watan Afrilu. Rana tana kwashe ɓangarensa mai saurin kama wuta, wanda shi ne ke tayar da inji da sanyin safiya. Tsohon duro yana ba shi tsatsa, damina ta ƙara masa ruwa. Mafi muni shi ne haɗi. A Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840, kananzir kuwa an bar shi a 350. Duk mai son zuciya ya ga wannan tazarar ya san abin da zai yi. Ban ce duk masu sayarwa haka suke ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu, sana'ar kuma ita ke ciyar da gidaje.

Na gidan mai tafiyarsa ta fi tsawo amma a rufe take. Tun gobarar matatar SONARA ta Limbe a Mayun 2019, Kamaru daga waje take shigo da shi. Ya sauka a bakin teku, jirgin ƙasa ya kai shi Ngaundere, tankoki su ƙaraso da shi arewa ta rumbunan SCDP, kamfanin adana man fetur na ƙasar. Hannun da ke taɓa shi kaɗan ne. Shi ma ba a rasa shi da aibu: tankin ƙasa na tsohon gidan mai yana tara ruwa da laka, shi ya sa ba na son shan mai lokacin da tanka ke juyewa, don komai na gindi ya taso.

Batun kuɗi kuwa, da can na kwalba ya fi araha nesa ba kusa ba. Tun da Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashin kwalba ya koma bin naira da halin da kan iyaka ke ciki, yau sauƙi gobe tsada. Ka kuma lura ko kwalbar da ake ce wa lita ta cika lita.

Ga gwajin. Ɗiga man a farar takarda ka jira kaɗan. Fetur mai kyau zai bushe ƙaƙas, bai bar komai ba. In ka ga tabon maiƙo ya zauna, akwai kananzir ko gas a ciki. Sai ka zuba wani a farar kwalba ka ajiye a inuwa. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da layinsa, tsatsa ma haka. Wanda ke cikin tankinka ne za ka gwada, ba wanda mai sayarwa ya zaɓo maka ba.

Ƙarar nan ta hawan tudu ita ta fi damuna. Kananzir yana rage ƙarfin fetur na jure matsi, sai man ya riƙa fashewa a silinda ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan fistin. Wanda bai ƙone ba kuma ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ciro fulogi ka duba: in bakinsa ya yi baƙi da toka, ga shaida nan. Zaro sandar baƙin mai ka sansana. Fizgar kuwa ta fi kama da filta da ta toshe. In motarka ta 2003 zuwa sama ce, filtar tana cikin tanki haɗe da famfo, a ƙarƙashin kujerar baya, shi ya sa makanikai ke saurin cewa a canja duka. A fara auna ƙarfin turin famfon. Wajen "bar" 3 ake nema a ma'aunin matsi.

Nan ne ma amsar "wanne ya fi" take rabuwa. Babur da tsohuwar mota mai kafireta suna haƙuri da zuwa-zuwa, in datti ya shiga a kwance a hura, a ci gaba. Mota mai injekta ƙofar nozul ɗinta kamar bakin allura take, ɗan rairayi ya ishe ta. Irin taka na gidan mai ya dace da ita, abin da ka rage a kwalba makanike zai karɓe.

Na san a hanyar Mokolo ko Mora wani lokaci ba ka da zaɓi. To ka tsaya wurin mutum ɗaya da ka sani, ka sayi na jarka rufaffe ba na kwalbar da ta sha rana ba, a tace da farin ƙyalle a idonka. Kada ka bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, domin man ne ke sanyaya famfo.

Yanzu a juye tankin a wanke, a canja filta da baƙin mai, ka cika da na gidan mai ka zaga da ita kwana biyu. In ba ta daina ba, a duba filtar iska, ƙurar hunturu tana cika ta, sai koyil da fulogi. Ka sanar da mu abin da takardar ta nuna.