Shugaban fasaha na kwana biyu a mako, da abin da ya same mu ranar Alhamis

Tun da abokan sana'a suka ji cewa kamfaninmu ya ɗauki babban jami'in fasaha na ɗan lokaci, wanda 'yan harkar ke kira CTO, ake ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ni kuwa na daɗe ina kauce wa amsa domin ban tsayar da magana ɗaya a raina ba. Kamfaninmu ƙarami ne a Kano, aikinsa haɗa masu shagunan unguwa da manyan 'yan kasuwar Singa: mai shago ya yi odar sukari ko shinkafa ko taliya ko man girki ta manhaja, mu ɗauko kayan mu sauke masa a ƙofar shago. Ni lissafin kuɗi na karanta, ban iya rubuta manhaja ba, kuma cikin samari biyun da ke yi mana wannan aiki, ɗaya bai daɗe da gama bautar ƙasa ba.

Dalilin da ya sa ban ɗauki na dindindin ba kowa ya san shi. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ake lissafawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma duk injiniyan da ya kai a kira shi babba yana iya zama a ɗakinsa ya yi wa kamfanin Turai ko Amurka aiki a biya shi da dala. Saboda haka da aka haɗa ni da wani ɗan arewa mazaunin Legas da muke kira Injiniya, wanda ke rarraba makonsa tsakanin kamfanoni huɗu, muka rubuta yarjejeniya a watan Oktoban 2023 cewa Litinin da Laraba namu ne. Kuɗinsa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa tambayar irinsu ya san ba su da rangwame.

Dole in ba shi haƙƙinsa a kan makonnin farko. A zamanmu na farko bai tambaye ni burin kamfani ko yawan masu saye ba, tambayarsa ita ce da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafinmu, da asusun AWS na kamfanin Amazon inda sabarmu take, wato kwamfutar da ke karɓar oda tana adana bayanan manhajar, da ma'ajiyar GitHub inda rubutun manhajar yake. Sai ga shi dukkan ukun suna kan imel ɗin yaron da ya fara gina mana manhajar a kan kwangila, wanda rabona da shi ya kai wata takwas. Wato na yi shekara biyu ina kiran kaina mai kamfani alhali makullan gidan suna aljihun wani. Shi ya bi yaron da lalama har aka mayar da komai sunan kamfani, ya kashe na'urorin gwaji da aka bari a kunne muna biyan dala a kansu ba tare da saninmu ba, ya kuma gano cewa hotunan katin shaidar masu shaguna suna ajiye inda duk mai adireshin zai iya buɗewa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023. A wancan lokacin da an ce in ba shi maki, da na ba shi duka ban rage komai ba.

Sannan ya kafa wata doka da na yi ta yaba wa a gaban mutane: babu wani gyara da zai shiga manhajar da jama'a ke amfani da ita sai ya duba ya amince, kuma kalmar sirrin sabar ta ainihi tana hannunsa shi kaɗai. Ya ce yaran hannunsu bai faɗa ba tukuna, ni ma na yarda.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi yana kwana huɗu, lokacin da odar sukari da mai ke ninka ta sauran watanni. Tun da hantsi intanet ta fara jan ƙafa, tiransifa ta ƙi tafiya, kowa yana zagin layinsa. Sai daga baya muka ji cewa manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, abin da ya taɓa ƙasashen Afirka ta Yamma da dama har da ayyukan bankuna a Najeriya. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinmu. Abin da ya zama namu shi ne yadda manhajarmu ta karɓi lamarin. Sabarmu tana ƙasar Ayalan, don haka idan mai shago ya danna maɓallin aika oda, saƙon yakan lallaɓa ya isa can a rubuta shi, amma amsar da za ta dawo ta ce an karɓa sai ta maƙale a hanya. Wayar tana ta juyi, manhajar ta sake aikawa da kanta, mai shago shi ma ya ƙosa ya sake dannawa, sabar kuwa duk saƙon da ya iso sai ta ɗauke shi a matsayin sabuwar oda.

Mai kula da sitonmu bai san da wannan ba. Takarda ya gani ta fito da tsawo, ya ɗauka albarkar azumi ce, ya ƙara 'yan dako, ya kira motocin a-kori-kura har uku bayan waɗanda muka saba ɗauka. Wajen azahar wani dattijo mai shago a Kurna, wanda yana cikin mutum goma na farko da suka yarda da mu, ya kira ni. Buhu 10 na sukari ya nema, aka sauke masa 30 a bakin shago har sun tare hanyar masallaci. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi: "Alhaji, ka aiko a kwashe kayanka. Ni ba mai sito ba ne, kuma da azumi a bakina ba zan tsaya gardama da yaranka ba." Kafin la'asar irin wannan kira ya kai goma sha bakwai, wasu kuma an ciri kuɗin odar sau biyu daga ajiyar da suke da ita a wurinmu.

Babban cikin yaran nan biyu ya gano inda matsalar take cikin rabin sa'a. Ya rubuta gyara na wucin gadi da zai hana manhajar sake aikawa da kanta, ya juyo min da kwamfutar ya nuna min, sannan ya ce: "Yallaɓai, ga shi nan na gama, amma ba ni da ikon tura shi." Na kira Injiniya sau goma sha ɗaya. Na tura saƙo ta WhatsApp, na tura imel, na kira wanda ya haɗa mu. Sai bayan la'asar amsa ta shigo, layi biyu, cewa yana zaman masu zuba jari da ɗaya daga cikin sauran kamfanonin nasa, wayarsa a kashe take, zai neme ni da dare. Muka zauna a ofis muna kallon gyaran da aka gama a kan allon kwamfuta, odar bogi tana ta shigowa, har na umarci a daina lodi gaba ɗaya, aka koma kiran masu shaguna ɗaya bayan ɗaya ana tambayar kowa buhu nawa yake so a zahiri. A ofis muka sha ruwa ranar, da dabino da ruwan leda.

Ya kira bayan an idar da asham, kuma a nan ne hukuncina ya fara rawa. Cikin minti arba'in ya yi gyaran da ya fi na yaron inganci: kowace oda wayar za ta liƙa mata lamba ta musamman tun kafin ta bar hannun mai shago, idan sabar ta ga lambar da ta riga ta rubuta sai ta ƙi sake rubutawa, ta mayar da amsar farko kawai. Ya kuma fitar da jerin duk odar da aka maimaita domin mu mayar wa mutane kuɗinsu da safe. Da na fara zuba masa abin da ke cikina, sai ya ce in buɗe rahoton da ya turo min a watan Nuwamba, in duba abu na bakwai. Ga shi nan a rubuce, cewa manhajar ba ta da kariya daga maimaita oda idan layi ya yi rauni, kuma gyaran zai ci kwanakinsa biyu. A gefen rubutun akwai amsata, cewa a jinkirta wannan sai mun gama shafin rahoton ciniki da wani mai niyyar zuba jari yake son gani. Ba ni da bakin magana, na yi shiru.

Da a nan maganar ta tsaya, da wannan sharhi yabo ne da ɗan ƙorafi. Amma ƙarshen wata takardar kuɗinsa ta iso, a ciki ya lissafa aikin daren nan a matsayin aikin gaggawa a kan ninki ɗaya da rabi, kamar yadda yarjejeniya ta ba shi dama. Yana da gaskiya a takarda, sai dai da na ga layin nan sai duk abin ya dawo min sabo. Shi ne ya riƙe makullin sabar shi kaɗai kwana bakwai a mako, alhali kwana biyu yake tare da mu, kuma mutumin da ya hango abu na bakwai tun Nuwamba ya fi ni sanin cewa matsala ba ta duba ranar Litinin ko Laraba kafin ta zo. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga wanda zai tsaya a madadinsa idan ba a same shi ba. Ni ban san in tambaya ba, kuma rashin sanin nan shi ne ainihin abin da na ke biyansa ya cike.

Akwai kuma wani abu da na daɗe ina haɗiyewa. Cikin wata shida sau ɗaya ya zo Kano, kuma bai taka Singa ba. Da ya tsaya ko da awa ɗaya ne a bayan kantar wani shago, da ya ga cewa mutanenmu ba sa jiran waya ta gama juyi, dannawa suke yi har sai ta amsa, ko da rana ce da intanet ke lafiya ƙalau, kuma da bai rubuta abin nan a matsayi na bakwai ba, da na ɗaya ya sa shi ya kuma ƙi yarda in ɗage. Kuɗin motocin da suka yi zirga-zirgar banza, da ladan 'yan dakon da suka loda suka sauke suka sake lodawa, da buhu biyu da suka fashe a hanya, duk mu muka ɗauka, kuma har yau ban ji ya ce Allah ya mayar da alheri ba.

Duk da haka na sabunta yarjejeniyar a watan Afrilu, domin ban samu wanda ya kai shi a kuɗin da zan iya biya ba. Sai dai na sa an ƙara sharuɗɗa uku: babban yaron nan ya samu ikon tura gyaran gaggawa ba tare da jiran kowa ba, Injiniya ya amsa kira cikin awa ɗaya kowace rana ko ya ba mu sunan wanda zai amsa, sannan ya riƙa zuwa Kano duk wata uku ya bi motar kaya sau ɗaya. Ya karɓi biyun farko nan take, na ukun sai da muka yi ta ja. Dattijon Kurna ya ci gaba da sayen kaya a wurinmu, amma ya goge manhajar daga wayarsa, yanzu kirana yake yi da kansa bayan sallar asuba, ni kuma in shigar masa da odar da hannuna.